Auna Ƙarfin Ɓangare a Wasannin Dabarun Yaƙi na Kwamfuta: Abin da Kason Nasara Yake Ɓoyewa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake yanke hukunci a kan ƙarfin ɓangaren da ɗan wasa yake zaɓa a wasannin dabarun yaƙi na kwamfuta. Ta ɗauki StarCraft da Age of Empires a matsayin fagen nazari. Hujjarta ita ce kason nasara, wanda shi aka fi kafa dalili da shi, ba ya isa ma'auni idan aka ɗauke shi shi kaɗai, domin tsarin haɗa abokan karawa yana janyo shi zuwa kashi 50 cikin ɗari, ko ɓangaren yana da ƙarfi ko ba shi da shi. Maƙalar ta nuna cewa hukunci ba ya tsayuwa sai an faɗi a hannun wa, a wane fili, a gaban wane abokin gaba, kuma a wane zamani.

1.0 Gabatarwa



Wasan da nake magana a kansa shi ne wanda ake bugawa ba tare da wani ya jira wani ba. Ɗan wasa yana tara dukiya, yana gina gari da wuraren horar da mayaƙa, yana kuma sarrafa runduna, duk a lokaci guda, har sai ya rushe abokin karawarsa ko shi a rushe shi. Kafin a fara kowa zai zaɓi ɓangare. A StarCraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 1998, ɓangarorin uku ne: Terran, 'yan'adam masu bindigogi da tankoki, Zerg, halittu masu kama da ƙwari waɗanda yawa da sauri ne makaminsu, sai Protoss, masu mayaƙa kaɗan amma masu tsada da tauri. Shi kuwa Age of Empires II, wanda Microsoft ya fitar a 1999, ya fara da al'ummomi 13, yau sun haura 40.

Tun ranar da aka fara buga waɗannan wasanni ake gardamar wane ɓangare ya fi ƙarfi. Wanda aka cinye yakan ce ɓangaren abokinsa ya yi ƙarfi da yawa, wanda ya ci kuma ya ce iyawa ce. Gardamar ba ta zaman hira ba ce kawai. A Koriya ta Kudu an yi shekaru ana nuna gasar StarCraft a talabijin, 'yan wasa na karɓar albashi daga manyan kamfanoni, don haka ƙara wa wani soja maki ɗaya ko rage masa na iya taɓa abincin mutum.

2.0 Lissafin takarda

Hanya mafi sauƙi ita ce a jera alƙaluman mayaƙa a kwatanta. A Brood War, ƙarin da aka yi wa StarCraft a ƙarshen 1998, ma'adinai 100 za su sai wa Terran sojan Marine biyu, kowane da makin rai 40. Za su sai wa Zerg Zergling huɗu, kowane da 35. Protoss kuwa Zealot ɗaya zai samu, mai rai 100 da garkuwa 60. Jimilla ke nan 80, da 140, da 160. Wanda ya tsaya a nan zai ce an cuci Terran.

Sai dai Marine daga nesa yake harbi, sauran biyun sai sun matso jiki. Injiniyan nan na Ingila, Frederick Lanchester, ya nuna tun 1916 cewa idan mayaƙa na iya taruwa su harbi abu ɗaya daga nesa, ƙarfin runduna yana tafiya ne da adadinta a ninka shi da kansa. Maharba 10 idan suka gamu da 5 masu makami iri ɗaya, ba 5 za su rage ba, kusan 9 za su rage. Masu takobi kuwa, idan aka matse su a ƙofa, na gaba kaɗai ke yaƙi, na baya kallo suke yi. Saboda haka Marine biyu abin tausayi ne a gaban Zealot, amma Marine 30 a bayan ƙofa wani abu ne dabam, alhali ba a canza ko lamba ɗaya a jikinsu ba.

Takarda kuma ba ta nuna lokaci. A gyaran da Blizzard ya yi a 2001, mai lamba 1.08, ya ɗaga kuɗin ginin da Zerg ke buƙata kafin ya fitar da Zergling daga ma'adinai 150 zuwa 200. Bai taɓa Zergling ɗin kansa ba. Jinkirin 'yan daƙiƙoƙi ya saya, kuma wannan jinkirin ya rage kaifin farmakin sammakon da ake kai wa mutum tun bai gama shimfiɗa garinsa ba.

3.0 Kason nasara da abin da yake ɓoyewa

Da lissafin takarda ya gaza, sai aka koma ga sakamako: a ƙirga wasanni, a ga kashi nawa kowane ɓangare ya ci. Shafuka irin su Aligulac da aoestats suna tara wannan. A ido wannan ma'auni ba shi da son kai. Amma akwai abin da ke zaune a ƙarƙashinsa, kuma nan ne zan fi daɗewa.

Wasannin intanet ba sa haɗa mutane barkatai. Kowane ɗan wasa yana da maki, bisa tsarin da ya samo asali daga Arpad Elo, malamin kimiyya ɗan asalin Hungari da ya zauna a Amurka, wanda hukumar wasan ces ta duniya ta karɓi tsarinsa a 1970. Ka ci makinka ya hau, a cinye ka ya sauka, sannan na'ura ta nemo maka wanda makinku ya yi kusa. A wannan tsari, wanda ya fi abokinsa da maki 100 ana sa ran ya ci kusan kashi 64, wanda ya fi da 200 kuma kusan kashi 76.

To, mu ƙaddara wani ɓangare yana ba duk wanda ya riƙe shi fifikon da ya kai maki 100. A kwanakin farko mai shi zai riƙa cin kashi 64. Makinsa zai hau. Na'ura za ta fara haɗa shi da mutanen da a gaskiya suka fi shi iyawa da wannan tazarar, sai cinsa ya sauko ya tsaya a kashi 50. Bayan wata guda, duk wanda ya duba teburi zai ga 50 da 50 ya ce an yi adalci. Ba a yi ba. Fifikon bai gushe ba, sauya wuri ya yi: ya bar kason nasara ya koma cikin matsayi. Mutum yana zaune a matakin da iyawarsa ba ta kai shi ba, wanda yake karawa da shi kuma yana mamakin yadda wanda bai kai shi ba yake cin rabin wasanninsu. Blizzard da kansa ya san wannan, shi ya sa a farkon shekarun StarCraft II, kashi na biyu na wasan, alƙaluman da yake fitarwa waɗanda aka tace ne da la'akari da gwanintar 'yan wasa.

Wannan matsala ta fi tsanani a StarCraft, inda mutum yakan riƙe ɓangare ɗaya shekara da shekaru. A Age of Empires II da sauƙi, domin da yawa suna sauya al'umma daga wasa zuwa wasa, makin kuma yana bin mutum, ba al'ummar ba. A nan kason nasara yana da ɗan abin faɗa. Ko a nan ɗin ma, wanda ya nace wa al'umma ɗaya ya koma cikin waccan matsalar.

Wani zai ce to a duba saman tsani, a ga ɓangaren da ya fi yawa a can. Shawara ce mai kyau, amma tana ɗauka cewa mutane iri ɗaya ne suka zaɓi kowane ɓangare, abin da ba haka yake ba. Labarin da ke cikin StarCraft II na 2010 kusan duk da Terran ake bugawa, don haka sabon shiga da ya gama labarin ya faɗa intanet, Terran ya sani. Tarin sababbin shiga kuwa yana jan alƙaluman ɓangare ƙasa ba tare da laifin ɓangaren ba. Abin kamar a filin sukuwa ne: idan kullum gwanayen mahaya suna hawan dawakin barga ɗaya, cin da bargar ke yi ba zai gaya maka ko dokin ne ko mahayin ba, sai ranar da aka yi musayar dawaki.

Sai kuma batun yawan wasannin da aka ƙirga. A wasa 100, sa'a kaɗai na iya kai kaso sama ko ƙasa da maki 10 cikin ɗari. Kafin a iya rantsuwa a kan bambancin kashi 2, ana buƙatar wasa kusan 2,400. Kuma bambancin da ake ta hayaniya a kansa sau da yawa ƙarami ne: kashi 55 daidai yake da tazarar makin Elo 35 kacal. A wasan ces ma mai fararen 'ya'ya, da yake shi ke fara motsi, yana samun abin da ya kai kusan haka, ba a kuma ce wasan ya lalace ba.

Idan haka ne, kofin gasa shi ne mafi raunin shaida, ko da yake shi ya fi amo. 'Yan Zerg sun ɗauki kofin duniya na StarCraft II sau uku a jere: Rogue a 2017, Serral ɗan ƙasar Finlan a 2018, Dark a 2019. Mutum uku ke nan. A gefe guda kuma, gasar GSL ta farko a Koriya a 2010 FruitDealer ne ya cinye ta da Zerg, a lokacin da kusan kowa ya yarda Zerg ne ke shan wuya. Kofinsa bai wanke ɓangaren ba, gwanintarsa ya nuna. Ba ina cewa ba a taɓa samun ɓangaren da ya fi ƙarfin sauran ba. A watan Mayun 2012 an ƙara wa Queen ta Zerg nisan harbin ƙasa daga 3 zuwa 5. Wannan ya ba Zerg damar kare kansa da arha ya tara dukiya, kuma watannin da suka biyo baya sun zama zamanin mayaƙan Zerg Brood Lord da Infestor, wanda har yau masu kallo ke tunawa da takaici. Abin da ya sa na yarda da wannan shaida shi ne canjin yana da rana sananniya, kuma ba zakara ɗaya ya amfana ba: matsakaitan 'yan Zerg ne suka fara kayar da mutanen da a da ba sa iya tsayawa gabansu.

4.0 Ranar 3 ga Maris, 2007

Brood War ya ba mai nazari wata dama da ba kasafai ake samu ba. Tun gyaran 2001 Blizzard bai sake taɓa alƙaluman mayaƙansa ba, har sabon bugun da ya fito a 2017 haka ya bar su. Duk wani sauyi da aka gani a ƙarfin ɓangarorin bayan 2001, ba daga kamfani ya zo ba.

A farkon 2007 babu wanda ya kai Ma Jae-yoon, wanda aka fi sani da sAviOr. Ɗan Zerg ne, ya ci gasar MSL ta Koriya sau uku, kuma mako guda kafin ranar da muke magana ya ɗauki kofin ɗaya babbar gasar, OSL. Inda ya fi muni shi ne a kan Protoss, kuma ra'ayin da ya zauna a lokacin shi ne Protoss ba shi da maganin Zerg idan gwani ya riƙe shi. A wasan ƙarshe na MSL, ranar 3 ga Maris, ya gamu da Kim Taek-yong, wato Bisu, yaro ɗan shekara 17 da ba a sa shi a lissafi ba. Bisu ya cinye shi 3 da 0.

Yadda ya yi shi ne abin lura. Ya buɗe gari na biyu da wuri a bayan hasumiyoyin tsaro, ya fitar da jiragen Corsair suna farautar Overlord. Su Overlord aiki biyu suke yi wa Zerg: su ke ba shi damar ƙara yawan runduna, su ne kuma idonsa na ganin abin da ke ɓoye. Da idon ya mutu sai Bisu ya tura Dark Templar, mayaƙan da ba a ganinsu, suka shiga garuruwan sAviOr suna yankan ma'aikata. Corsair da Dark Templar duk suna cikin wasan tun 1998. Ba Bisu ya fara haɗa su ba, amma shi ya nuna cewa hannu mai saurin kula da wurare uku a lokaci guda zai iya mai da su ginshiƙin yaƙi. 'Yan Koriya suna kiran ranar juyin juya halin 3 ga Maris.

Da an tambayi masana ranar 2 ga Maris, da sun kawo alƙaluma na gaskiya, sun yanke hukuncin da washegari zai ƙaryata. Abin da kason nasara ke aunawa shi ne ƙarfin ɓangare gwargwadon abin da aka gano game da shi zuwa yau. Irin haka ta faru a baya da Lim Yo-hwan, wato BoxeR, wanda ya ɗaga Terran da jiragen sauke sojoji a bayan gari lokacin da ake raina ɓangaren. Ta kuma faru da Zerg a tsakiyar shekarun 2000, da aka gano dabarar cure Mutalisk 11 wuri guda su riƙa sara suna ja da baya kamar jiki ɗaya.

To idan kamfani bai gyara ba, wa ya riƙe ma'aunin duk tsawon shekarun? Masu zana fili. Tankar Terran tana harbi daga nesa ƙwarai, don haka tudun da ke bayan ma'adinan gari na biyu, irin na tsohon filin Lost Temple, kyauta ce gare ta. Faɗin ƙofar gari shi ke yanke ko Protoss zai iya toshe ta ya buɗe gari na biyu lafiya. Masu shirya gasa a Koriya sun riƙa janye filin da ya karkata su kawo wani. Wanda ya ce Terran ya fi Zerg bai kuma ambaci fili ba, rabin magana ya yi.

5.0 Hannun da ya riƙe

A Age of Empires II, Faransawa sun daɗe suna cikin al'ummomin da suka fi ci a tsakanin talakawan 'yan wasa. Dalilin a fili yake: dawakinsu suna da ƙarin rai na kashi 20, gyaran gonakinsu kyauta ne, hanyarsu kuma ɗaya ce miƙaƙƙiya, a tara barade a kai hari. Sinawa kuwa suna farawa da ma'aikata 6 maimakon 3, amma an cire musu abinci 200 da kowa ke farawa da shi. Gwani yana tsallake wannan minti biyun farko ya fito yana gaba da kowa. Sabon hannu yakan bar cibiyar garinsa zaune babu abincin fitar da ma'aikaci, ya shiga wasa da rauni. Al'umma ɗaya, a ƙasan tsani tana cikin na baya, a hannun ƙwararru ana ribibinta. Matsakaicin waɗannan biyun lamba ce da ba ta bayyana kowa ba.

Iyakar wannan batu na'ura ce ta nuna shi. A Disambar 2018 AlphaStar na kamfanin DeepMind ya cinye MaNa, ƙwararren ɗan Protoss daga Folan, 5 da 0 a StarCraft II. A cikin wasannin ya tara mayaƙan Stalker ya tunkari mayaƙan Immortal, wanda a ilmin 'yan wasa shi ne maganin Stalker, ya kuma yi nasara, domin yana janye kowane soja daidai lokacin da ya kusa mutuwa, a fuskoki da dama lokaci guda. A hannun da ba ya kuskure Stalker ya fi yadda aka san shi. Amma ba a yi wasan don wannan hannun ba.

Ga kuma yawan haɗuwa. Ɓangare uku haɗuwa uku suke bayarwa idan aka cire karawar ɓangare da kansa. Al'umma 40 suna ba da 780, kafin a ninka da filaye, daga buɗaɗɗen Arabia zuwa Arena mai ganuwa zuwa tsibirai inda jiragen ruwa ke magana. Al'ummar Goth na iya zama matsakaiciya a jimilla, amma Huskarl ɗinsu, wanda kibiya ba ta cika yi masa illa ba, masifa ne ga al'ummar Maya da suka dogara da baka.

6.0 Sabon ɓangare

A watan Agustan 2021 aka ƙara Hausawa da Habashawa a Age of Empires III. An ba Hausawa Kano a matsayin babban birni, aka sa Sarauniya Amina a jagoranci, ko da yake ita ta Zazzau ce. Suna da barade masu lifidi, suna sayar da shanu su sami dukiya, suna da jami'a, kuma suna tara wata dukiya ta dabam, wato tasiri, wadda ɓangarorin Turai ba su da ita. Ambatonsu a nan ba don kishin gida ba ne. Misali ne na ɓangaren da alƙaluman makonninsa na farko ba su da amfani, domin abu biyu ke jan su ta fuskoki mabambanta: mai riƙe da shi bai gama koyonsa ba, abokin karawarsa kuma bai san abin da zai tsare ba. Ƙari a kan haka, waɗanda suka sayi sabon ƙari a makon farko galibi masu naci ne, ba kowa da kowa ba. Ƙarfin Hausawan wasa kuma ba hukunci ba ne a kan dakarun Kano ko Zazzau na tarihi. Lambobi ne da ma'aikatan kamfani suka sa, suka kuma riƙa sauya su.

7.0 Abin da ya fi cancanta a auna

Shaida biyu na fi amincewa da su. Ta farko ita ce mutum ɗaya a kan ɓangarori dabam-dabam, domin ita ke raba iyawa da kayan aiki. A 2020 Lee Young-ho, wato Flash, wanda ya yi suna da Terran, ya shiga gasar Brood War ta ASL yana barin na'ura ta zaɓar masa ɓangare a kowane wasa, ya kuma kai zagayen kusa da na ƙarshe. Mutum ɗaya ba ya isa hujja, amma shafukan da ke tara wasanni suna da dubban mutanen da ke buga ɓangare fiye da ɗaya, kuma kwatanta makin kowannensu da na kansa ya fi kwatanta shi da na baƙo.

Ta biyu ita ce abin da ƙwararru ke yi idan kuɗi na kan tebur. A manyan gasannin Age of Empires II, irin su Red Bull Wololo da King of the Desert, kafin a fara kowane ɗan wasa yana zaɓar al'ummomin da zai yi amfani da su, yana kuma haramta wasu. Al'ummar da kullum ake haramtawa ba za ta bayyana a teburin nasara ba, tunda ba a buga ta ba, amma haramcin ya fi kowace lamba faɗin yadda ake tsoronta. Rauninsa shi ne ƙwararru ma suna bin yayi, kuma ranar 2 ga Maris, 2007, su ma sun yi kuskure. Saboda haka a haɗa shi da kason nasarar da aka rarraba bisa matakin iyawa, da fili, da abokin karawa, da tsawon wasa, a kuma rubuta lambar gyaran da aka yi ƙirgar a ƙarƙashinsa.

Akwai sharaɗi guda da waɗannan tebura ba sa ɗauka, kuma ya shafe mu kai tsaye. StarCraft II ya kasa 'yan wasa zuwa yankunan Amurka da Turai da Asiya, don haka mai bugawa daga Kano ko Yamai yakan shiga ta Turai, umarninsa yana isa a makare fiye da na abokin karawarsa da ke Jamus. Jinkirin bai shafi ɓangarori daidai ba. Wanda zai watsa Marine ɗinsa kafin Baneling na Zerg su fashe a cikinsu yana buƙatar ƙiftawar ido, wanda ya turo Baneling ɗin kuwa umarni ɗaya ya bayar. Ana iya gwada wannan da kayan da ɗaliban kwamfuta ke da su a jami'o'inmu: a sa mutum biyu masu maki ɗaya su yi jerin wasanni, a riƙa ƙara wa ɗayansu jinkiri da gangan mataki-mataki, a rubuta inda kowane ɓangare ya fara faɗuwa.